Tayoyin Bayan Motar Orville

Zuwa ga ƙanena Virgil Tackett,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da matarka Lurleen. Ni ƙalau nake, tumatir ya yi kyau bana, gwiwa ma da sauƙi. Na rubuto ne don ba zan ɗauki wayarka ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka dai san daga aji uku Baba ya cire ni na riƙe gona don kai ka yi karatu.

Ran Asabar a filin tsere, gaban mutanen gari, ka buɗe but ɗin motata ka ce ba zan shiga layi ba saboda buhun yashi huɗu. Tunda aka ba ka aikin duba motoci da hula mai rubutu ka manta wanda ya koya maka riƙe sitiyari. Motar nan tun 1969 take hannuna. Injinta ya fi ƙarfin tayoyin baya. Da na taka totur sai su yi ta juyi a wuri ɗaya, bayanta na tsalle kamar ɗan maraƙi. Yashin ne ke danne su, kuma haka kowa ke yi a zamaninmu.

Saura sati uku tseren tsofaffi. Likita ya ce bana ne na ƙarshe saboda idona. Ka san da wannan.

Na bar ka lafiya.
Yayanka, Orville

Yaya Orville,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Na ji daɗin labarin tumatir.

Dokar filin ce, ba tawa ba: ba a tsere da kayan da ba a ɗaure da noti ba. Ka taka burki da ƙarfi, buhun nan zai keto kujera ya same ka a ƙeya. Ina da yaya ɗaya tak.

Kuma ba nauyi ne ya yi wa motarka kaɗan ba. Ɗaga bayanta da ka yi sama don ado shi ne matsalar. Idan inji ya bugo da ƙarfi, sifirin na baya sai ya murɗe ya saki, ya murɗe ya saki, tsallen ke nan. Ga sanduna biyu na ƙarfe na haɗa maka. A ɗaura su ƙarƙashin sifirin, su hana shi murɗewa. A sauke bayan, a canza shakazoba, a rage iskar taya kaɗan. In ka yarda zan zo in ɗaura maka.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Virgil

Virgil,

Ina gaishe ka. Lurleen ta kawo ƙarafan tare da tukunyar wake da burodin masara. Ka ce mata waken ya yi. Waldarka kuwa ko makaho ba zai yi irinta ba.

Ado ka ce. Marigayiya Opal ce ta ce in ɗaga bayan motar nan, shekarar da muka yi aure, ta ce ta fi kyau a haka. Kwana huɗu ƙarafanka na jingine a gareji ina wuce su. Ran Laraba na zauna kan bokiti na daɗe ina kallon motar, sai na tuna ita Opal ɗin ce dai ke rufe ido duk sanda na shiga layi, tana cewa wata rana motar nan za ta juya da ni. Na tashi na ɗauko jak.

Kada ka ɗauka maganarka na bi. Na ɗaura ne don in nuna maka ba za su yi aiki ba. Wuni biyu na yi a kwance ƙarƙashinta, ni kaɗai, ban nemi mai hula ba.

Na gwada ta a titin bayan coci. Ba tsalle, ba hayaƙi. Ta dafe ƙasa ta yi gaba, kaina ya bugi kujera, haƙorana na roba suka faɗo cinyata. Fasto ya fito da tsintsiya a hannu ya ce, "Malam Tackett, sauri kake ka riga mu zuwa can?" Na ce masa ya koma shararsa.

Zan zo ran Asabar. Ka duba ta a gaban kowa, yadda ka kore ni a gaban kowa.

Yayanka, Orville

Virgil,

Gaisuwa. Minti ashirin ka yi ƙarƙashin motata, ta kowa minti biyar. Na lura. Na kuma ga ka ƙara ɗaure noti biyu kana zaton ba na gani.

Na biyu na zo, bayan Faye Hensley mai raba wasiƙu a da, kuma ta tashi kafin fitilar fara tsere ta kunna, kowa ya shaida. Ba komai. Shekara hamsin da ɗoriya ina tseren nan, jiya ne na fara isa ƙarshen layi ba tare da na yi kokawa da sitiyari ba. Ashe haka take gudu.

Wuyana bai juyuwa. Ka zo Lahadi mai zuwa bayan coci ka ɗauki makullin, ka kai ni yawo a cikinta. Kada ka wuce giya uku.

Yayanka, Orville