Wayar Ɗakin Inna

Illela,
7 ga Yuni, 1987.

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya ruwan Legas? Yara suna gaishe ka. Jikin Inna kuwa jiya i yau, ƙafafun sun ƙara kumbura, numfashi ma sai ta jingina da bango.

Na san ranka ya ɓaci ran Juma'a, shi ya sa na ba Maccido direban motar shanu wannan takarda ya kawo maka. Ka yi ta fama a jawo mana wayar tarho har gida don ka riƙa jin muryar mahaifiyarka, ga shi ranar farko ta ƙi ce maka uffan. To bari ka ji yadda aka yi, don kai kunne kawai ka kasa, ni kuwa a idona aka yi komai.

Da ma'aikatan waya suka gama kafa falwayoyi daga bakin titi, suka sassare rassan dogonyaron ƙofar gida, sai suka tambayi inda za a ajiye tarhon. Ƙanenka Lawwali ya ce zaure. Ka san shi da son a gani. Har ƙyalle ya shimfiɗa wa abin a kan tebur sai ka ce amarya. Ranar da za ka bugo zauren ya cika maƙil, har da mutanen ƙauyen Araba da suka zo sallar Juma'a suka ƙi komawa. A haka aka ce in kamo Inna in kawo ta.

Kai ma dai, zaman Legas ya mantar da kai cewa ɗan fari ne kai? Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai "wancan na Ikko", wato na Legas. Matar da ko gaishe ta ka shiga sai ta kau da kai ta amsa wa bango, ita kuke so ta yi hira da kai a gaban dattawan unguwa? Ta kara abin a kunne, ta ji sallamarka, ta miƙa wa Lawwali ta ce a ce tana gaisuwa. Mutane suka yi dariya suna yaba kunyarta. Ni da na mayar da ita ɗaki na ga yadda ta yi zugum, tuwon ma ba ta taɓa ba.

Na yi wa Lawwali tatas, ya sa an mayar da wayar ɗakinta kusa da gado. Ka bugo Juma'a mai zuwa bayan la'asar, zan kwashe yara mu bar mata ɗakin, ko Allah zai sa ta daure.

Ka gaida abokan aiki.

Taka,
Zuwaira.

Illela,
24 ga Yuni, 1987.

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ka lafiya. Mu dai da sauƙi za a ce.

Ba ƙin ɗauka muka yi ba. Ran Alhamis, ana gobe za ka bugo, da yamma hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, aka yi wata iskar da ta yaye kwanon madafa ta kai shi gidan maƙwabta. Dogonyaron nan da aka sassare ta gefe guda ya karkata ya faɗa kan waya, ya ja falwayar ƙofar gida ta kwanta kan katanga. Lawwali ya ce daga nan har Gwadabawa falwayoyi ne kwance cikin gonaki. Manoma sun janye su gefe don shuka ba ta jira, wayar kuma kafin ma'aikata su iso wasu sun yanyanke ta, an ce har an fara ganin mundayenta a kasuwa.

Malamin asibiti ya zo ya canja wa Inna magani. Da zai tafi ya ja ni gefe ya tambaye ni yaushe za ka zo. Na ce sai Babbar Salla za a ba ka hutu, ya girgiza kai ya tafi. Wallahi ina jin tsoro, ina tsoron ta tafi ba ku taɓa yin magana irin ta uwa da ɗa ba.

Ga kuma abin da ya sa na ɗauki biro. Da na gaya mata waya ta mutu, ko an ɗauka babu mai ji, sai da ta sake tambayata ko na tabbata. Bayan kwana biyu ina tankaɗe a bayan tagarta sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Na leƙa, ga Inna da kan tarho a kunne tana ba ka labari. Tana gaya maka an yi shuka, akuyarta ta haihu, tana yi maka faɗan ka rame a hoton da ka aiko. Ta ce cikin irin wannan hadarin ta haife ka a Kalmalo, ta kwana tana kallonka a ɓoye don kada tsofaffi su ce ba ta da kunya. Kuma da sunanka take kiranka, Junaidu. Ka yafe ni na rubuta shi, yadda ta faɗa ne. Garin nan da hawayena na gama tankaɗe shi. Tun ranar kullum bayan la'asar sai ta ɗauka.

Ma'aikata sun ce Juma'ar farko ta Yuli za su haɗa layi. Na san da ta ji an gyara bakinta zai rufe, don haka na hana Lawwali faɗa. Ka bugo ranar daidai kiran la'asar, lokacin tana bayan ɗaki wajen alwala. Zan danne ƙarar da filo in ɗauka in ajiye kan a gefe. In ta idar da salla za ta ɗauka yadda ta saba. Kai dai ka yi shiru, ko tari kada ka yi. Na san surutu gare ka, amma ranar ka kama bakinka.

Raina bai kwanta da yaudarar tsohuwa ba, sai dai ban ga wata hanya ba. Allah ya yafe mana.

Taka,
Zuwaira.

Illela,
6 ga Yuli, 1987.

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ka kwana da abin da ka ji? Ni ban san me ta ce maka ba, na fita na ja ƙofa na zauna can bakin rijiya. Na dai san ta daɗe, har rana ta sauka daga kan katanga. Na gode da ka daure ba ka yi magana ba, ban zaci za ka iya ba.

Da na shiga kai mata kunu ta riga ta ajiye. Ta karɓi ludayi ba ta dube ni ba, ta ce, "Ki rubuta ma wancan na Ikko, shina da mura, na ji ga numfashinai. Shi bar kwana gaban fanka." Ashe tun da ta ɗauka ta san kana kan layi, ta kuma ci gaba da magana. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Washegari ta sa Lawwali ya mayar da tarhon zaure, ta ce ta gama da shi.

Tun ranar ko kunun sai ta kurɓa ta ture, jiya a kwance ta yi salla. Ka bar maganar jiran hutu, ka je ka gaya wa manyanka halin da ake ciki, ka shigo mota. Ko ta kau da kai in ka shiga, ka zauna kusa da ita.

Ka sha maganin murar kafin ka taso, kada ta tambaye ni.

Taka,
Zuwaira.