Maganin da Na Raba da Hidaya

Talata Mafara,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mufida da yara, Allah Ya ƙara rufa asiri can Kumasi. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da gwiwarta da faɗanta, maigidana Mustapha kuwa ya ƙare dashen shinkafar rani. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka sai in ajiye, don na san kuka zai hana ni magana. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san shekara biyu ke nan da anka yi mani aikin ciwon dajin mama a Sakkwato, anka ɗora ni kan magani ƙwara ɗaya kullum, na kuma samu sauƙi. To, da daminar bara autarmu Hidaya ta taso daga Dakko, ta ja ni ɗaki, ta ɗora hannuna a ƙirjinta. Kullutu ne a hagu, daidai inda nawa ya fito. Ta ce ita kam ba mai sa mata wuƙa, ta ga yadda na dawo. Ni kuma sarkin iyawa na ce ta kwantar da hankalinta, ciwo ɗaya ne, ga maganinsa a hannuna. Ka san gidanmu, tun muna yara wanda ya sha magani ya warke, ragowar ta shiga gwangwanin Inna ke nan, sai wani ya kwanta a ba shi. Haka na riƙa sayo nawa kwali bibbiyu a kemis, duk Talata, ranar kasuwarmu, in ba mijinta Ayuba ya kai mata. Wata tara, Yaya.

Da kullutun ya ƙi, har wani ya tsiro mata a hammata, munka lallaɓa ta zuwa Sakkwato. Sunka yanki ɗan nama sunka aika gwaji, ran Alhamis na koma ni kaɗai na karɓo sakamako. Har da fara'ata na fiddo kwalin na nuna wa likitar, wai ta san ba mu zauna haka nan ba. Matar nan ta dube ni, ta tambaye ni tun yaushe. Da na faɗa mata, sai ta ajiye biro ta yi salati.

Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kowace da umarni rubuce a cikinta, na lokacin girma da lokacin tsayawa. Duk sa'ad da ɗaya ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun, wani sa'in a yi kuskure wurin kwafin. Idan kurakuran sunka taru har ƙwayar ta daina tsayawa, shi ne ciwon daji. Abin da ya kashe mani jiki, ta ce kurakuran kowa dabam ne, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, kai ko kullutu guda, wannan gefen yana iya bambanta da wancan. Nawa ciwon da wani sinadarin jikin mata yake girma, maganina shi yake tarewa. Na Hidaya ba ruwansa da sinadarin nan, kuma irin mai saurin yaɗo ne. Da ta ji mu manoma ne, ta ce ai na san maganin feshi yakan kashe wata ciyawa ya bar wata tana tsaye. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata tara ƙanwata tana haɗiyar banza, abin yana cin ta, ni na ba ta da hannuna. Wallahi ban san yadda na kawo gida ba.

Likitar ta ce akwai sauran dama, amma sai an fara ƙarin ruwan maganin nan mai ƙarfi cikin watan nan, daga baya a yi aiki. Ayuba ya yarda, Hidaya ce ta kafe, wai maganin Yaya Baturiya ya ishe ta, haƙuri dai za a ƙara. Ban iya gaya mata gaskiya ba. Jiya na tafi Dakko da niyyar faɗa, na same ta tana tsefe wa ƙaramarta Nusaiba kai da hannu ɗaya, ɗayan ba ya ɗaguwa. Tana ganina ta ce, "Saura ƙwara huɗu, Yaya, kada ki manta da ni ran Talata." Na ce to.

Don girman Allah ka taho, ko ka kira ta kafin Talata. Tun rasuwar Baba kai kaɗai take jin maganarka. Ka gaya mata ni na ɓata, ta ji haushina iya son ranta, amma ta shiga mota.

Ka gaishe mani da Mufida, da Sadiƙ da Surayya. Mustapha yana gaisuwa. Inna ma tana gaishe ka, ita ba ta san kome ba tukuna.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Baturiya