Jan Ɗigo a Kundin Alƙali

Asabar, 7 ga Oktoba, 2023
Na je Katagum. Tsohon alƙali Malam Hammawa ya fito min da kundin mahaifinsa: shari'o'in zamanin En'e, da ajami, shafi tamanin da ɗaya. Shekara biyu ina neman irinsa. Muƙala ɗaya tak ta rage min, a kan yadda alƙalai suka riƙe wa hukuma jama'a, kuma 10 ga Nuwamba za a rufe karɓar takardun ƙarin girma a jami'a. Na zaro waya zan ɗauki hoto, ya dafe kundin. Wai littafi daga baki ake karɓarsa. Shafi ɗaya kowace Asabar, in karanta, ya yi bayani. Na lissafa a mota: fiye da shekara ɗaya da rabi!

Laraba, 11 ga Oktoba
A sashen kimiyyar siyasa "Ustaziya" suke ce min. A gidan biki kuwa 'yar boko. Jemage ke nan, ba tsuntsu ba dabba. Na dafa taliya, na ci a tukunya.

Asabar, 14 ga Oktoba
Shafi na biyu, rigimar makiyayi da manomi. Na yi ta tuntuɓe a ajami, matarsa Hajiya Kaltum tana dariya daga tsakar gida. "Dakta guda!" in ji ta. Da aka kira la'asar ya tashi alwala, ya bar min kundin a kan tabarma.

Na ɗauke shi duka a waya. Ban tsallake ko shafi ɗaya ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba
Tun dawowata daga Katagum jiya ban yi magana da kowa ba sai mai cajin waya. Akwai jan ɗigo a gefen shari'o'i goma sha huɗu, kuma duk da hannun hakimi a cikinsu. A fili yake: alamar amincewar hukuma ce, alƙali da mai mulki bakinsu ɗaya. A kan haka na gina muƙalar.

Litinin, 30 ga Oktoba
Editan mujallar da na tura wa muƙalar ya karɓa, takardar shaida na tafe. Na rasa wa zan kira in gaya wa. Lambar Inna har yanzu tana wayata, shekara uku da rasuwarta.

Asabar, 4 ga Nuwamba
Shafi na biyar, jan ɗigo na farko. Malam ya ɗora yatsa a kan ɗigon. Sannan ya ce waɗannan su ne hukunce-hukuncen da aka matsa wa mahaifinsa ya yanke, ba da son ransa ba. Bayan ya ajiye aiki, gida-gida ya bi a kan jaki yana neman gafara, shi Malam yana riƙe masa da igiya. Goma sha uku sun yafe. Wata tsohuwa a wajen Itas ta ƙi, har ya mutu yana ambatonta.

Ni kuwa na rubuta wa duniya cewa hatimin biyayya ne. Kunya ta hana ni shan furar da aka kawo.

Talata, 7 ga Nuwamba
Wa zai sani? Masu tantancewa ba sa karanta ajami. Malam ba ya karanta Turanci. Saleh da muka fara aiki rana ɗaya tuni ya wuce ni da mataki biyu.

Juma'a, 10 ga Nuwamba
Na janye muƙalar. An rufe karɓar takardu. Sai baɗi, in da rai.

Asabar, 11 ga Nuwamba
Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya ce, "Ɗiyata, ai wayar taki ƙyas-ƙyas take yi, ina alwala ina ji. Na ce bari mu ga ko za ki dawo kan hanya." Na goge hotunan a gabansa. Bai ko kalla ba, ya ce, "Ina muka tsaya?"

Asabar, 25 ga Nuwamba
Shafi na takwas. Tuntuɓe biyu kawai na yi. Hajiya ta zubo min tuwo ba ta tambaya ba, har da faɗan na makara. Ba wai wani abu ya canja ba, gidan nan na Azare shiru yake kamar kullum. Na dai sake lissafin a mota: saura Asabar saba'in da uku. Sai na ji sun yi min kaɗan.