Rawaninka da Injin Niƙa

Kawu Iliasu,

Injin niƙa ya sake tsayawa da safe. Mansa ya yi baƙi ƙirin, ga Mma Sahadatu da masararta tana ta zagina. Na rasa ƙyallen tacewa, sai na tace da farin rawaninka na Juma'a. Man bai isa ba, na cika da man suyar ƙosanta, na zuba a butarka, na rataye ta a sama tana ɗiga masa.

Yanzu ya ƙi tsayawa sam, sai ƙanshin ƙosai yake bazawa. Rabin mutanen unguwar Nima sun taru a ƙofa da kwanoni, wai ƙosai suke so. Na tafi Sabon Zongo neman makanike.

Ka yafe mini rawanin. Don Allah, kada ka yi alwala da butar nan.

Jamiu