Abin da Na Gani a Fuskarka Ranar Tuta

Zuwa ga Yayana Amaro,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Dorinda, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da sanyin Montevideo ke tayarwa. Mu nan ƙalau. Matata Sabela na mulkin gida, ni kuma ina ɗakin karatu na gari ina gadin littattafan da ba mai aro. Inna ta cika tamanin da bakwai, har yau ita ke gasa kifin sardin ɗinta, wai namu ba gishiri.

Na san labarin tseren Asabar ya riga ni isowa, amma ka ji daga bakin wanda ya tsaya kan dutsen gaɓa. Ɗanka Brais ya jagoranci kwale-kwalen garinmu muna gaba da tsawon jirgi guda har suka isa alamar juyawa da ke ɗaure a kan ruwa. Ruwa na janyewa da ƙarfi, duk mai ido ya ga sai an buɗe an zagayo da nisa. Shi ma ya gani, don ya fara karkata filafilinsa na juya jirgi. Sai ya dakata. Numfashi biyu kawai, Yaya. Sannan ya matse jikin alamar, igiyarta ta sarƙe filafilin matuƙinmu Lois da ke can gaba, jirgi ya tsaya cik. Mutanen ƙetaren mashigi suka wuce suka ɗauki tuta, har da ɗaga mana hannu saboda ladabi.

Washegari na same shi a rumfar jirgi yana wanke katakon da ya riga ya wanke. Da ƙyar ya faɗa mini cewa da safiyar tseren ka kira shi, ka ce jagora daga gidanmu ba ya zagaye kamar mai tallan kifi, a matse ake juyawa, yadda ka yi shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Na jinjina maka. Daga wancan gefen teku, kana zaune a kujerarka, ka karanta ruwan da mu da ke kallonsa muka kasa.

Ka fi ni sanin aikin nan. Mutum goma sha uku sun juya wa inda za su baya, ba abin da suke gani sai fuskar jagora. In ya yi kuskure gaba gaɗi, za su bi shi, su zage shi, su yafe. Shakka ce ba sa yafewa. Lois ya ce ba igiyar ce ta ɓata masa rai ba, ɗaga kai ya yi ya ga jagoransa na shawara da wanda ba ya cikin jirgin. A shagon Maruxa har sun sa masa suna, wai Bari-in-tambayi-Baba. Ranar Lahadi mai zuwa dattawan ƙungiyar tsere za su zauna, kuma maganar karɓe filafilin daga hannunsa ce.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da ka ci tutarka, ni ne a kujerar da ke dab da ƙafarka, babu wanda ya kai ni ganin fuskarka. Da muka isa alamar, idonka a rufe yake, bakinka na kiran Uwa Maryamu. Filafilin ya kuɓuce maka, taguwar ruwa ce ta ɗauke mu ta juya mu. Sai ka buɗe ido ka daka mana tsawa kamar da gangan ka yi, muka ja kamar mahaukata. Wannan tsawar taka ce, ba na hana ka ita. Juyin kuwa na teku ne. Na yi shiru shekara talatin da ɗaya saboda kai yayana ne, kuma gari na son labarinsa. Ban lissafa da cewa za ka tafi ka bar wa Inna Brais yana ɗan shekara shida, ya girma a ƙarƙashin hoton nan namu na ranar tuta da ke shagon Maruxa, yana auna kansa da abin da bai taɓa faruwa ba. Ban kuma zaci kai ma za ka gaskata ba.

Brais ya fi ka sanin ruwa, ya fi ni. Abu ɗaya ya rasa, ya yarda da idonsa. Kafin Lahadi ka kira shi, tunda lambar ba ta ɓace maka ba, ka faɗa masa yadda aka yi. In ba ka yi ba, zan miƙe a gaban dattawa in faɗa da bakina. Ba zan ji daɗi ba, ni ma ina cikin hoton, ina dariya.

Ka gaida Dorinda da 'yarka Noela da maigidanta. Inna da Sabela na gaishe ka. Na tambayi Brais ko yana da saƙo, ya ci gaba da wankinsa, ni kuma ba zan ƙirƙira masa gaisuwa ba.

Ƙaninka,
Celso