Ni na kai taubashina wurin mai allurar ƙarin girma

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin wannan tsadar rayuwa. A ɓoye sunana, kuma don Allah kada a yanke mini hukunci kafin a kai ƙarshe. Da ajami na saba rubutu, in bokona ya karkace a yi mini uzuri.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, muka cika mota daga Gwarzo muka je muka yi kabbara, a shekarar na aikata abin da yake cina har yau. Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, zan kira shi Sale. Kun san wasan taubasai, ka faɗa wa mutum abin da ka ga dama, ba shi da ikon fushi. Wata rana muna wanka a rafi, saura wata biyu aurensa, na ce, "Kai ƙaton banza, da wannan za ka tari amarya? Ai sai ta zaci ba a yaye ka ba." Ya yi dariya ya watsa mini ruwa, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Gaskiya kuwa ni ne mai wannan damuwar a kaina. Akwai wani mai kemis a bayan kasuwa da ake raɗe-raɗin yana ƙara wa maza girman gaba, ya tsaga fata ya ɗura wani mai da sirinji. Ina so, ina tsoro. Sai na ce bari Sale ya fara, in ga yadda za ta kaya. Ni na kai shi har ƙofa, na ce masa ni ma an yi mini. Wane irin ɗan'uwa ne wannan?

Cikin kwana tara wurin ya kumbura ya yi baƙi, wari ya hana shi shiga masallaci. A asibitin birni likitoci suka yanke abin da ya ruɓe don su ceci ransa. Aka fasa auren, aka ce wa dangi gwaiwa ce. Ranar da ya iya tsayuwa ya ɗauki sandar kiwon mahaifinsa, ya sami mai kemis a shago, ya rufe shi da duka, ya karya masa hannu, ya fasa masa ido ɗaya, jini har kan kwalaben magani. Sau uku alƙali yana tambayarsa dalili, yana cewa, "Allah gafarta Malam, ba ni da dalili." Ina zaune a kotun ban buɗe baki ba, aka ɗaure shi. Na yi aure na haifi 'ya'ya bakwai da halittar da na raina, shi kuwa tun da ya fito har yau bai yi aure ba, yana nomansa shi kaɗai a garin Kara.

Da damunar bana na ga mai ido ɗayan nan a kasuwar Kabo, ya koma aikinsa, samari suna shiga ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyar da kai. Na san in na kai ƙara za a nemi shaida, kuma shaidar a jikin Sale take. Na same shi a gona na gaya masa abin da na gani a Kabo, sannan na ce, "Sale, ƙarya na yi maka, ba a taɓa yi mini ba. Da kai na gwada." Ya juya fartanya ya sauke mini ƙotar a baki. Haƙora biyu suka zube, ya bi ni da duka a haƙarƙari har na daina gani, ban kare kaina ba. Da ya gaji ya zauna a kan kunya yana haki, ya turo mini butarsa. "Tashi ka wanke jinin, Malam. Na karɓi nawa, babu sauran komai tsakanina da kai har gaban Allah. Amma rantse ba mai jin sunana a maganar nan." Na rantse.

Shi ya yafe, amma kowace ranar kasuwa ana tsaga ɗan wani a Kabo. In na yi magana na tona asirin da ya sha ɗauri don ya rufe, in na yi shiru na sake zama a kotun nan bakina a rufe. Jama'a, me zan yi?