Tulu Biyu a Zauren Maigari

Tudun Marke, ta Malumfashi,
Watan Cika-ciki, shekarar da soja suka sauka.

Zuwa ga aminina Alhaji Ganiyu mai manja, a garin Offa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta maiɗakinka Morenike da sauran iyali. Yaya ƙafar taka? Ta bar ka kana zuwa masallaci, ko har yanzu a zaune kake salla? Mu nan sai godiyar Allah. 'Yarka Risikat tana nan ƙalau. Rumfar da ka bar mata ta cika, ta ma fi ka iya ciniki, don ita ba ta yi mini gyara sai na yi mata tari na nuna tsufa.

Malam Lawal tela ne yake rubuta mini kamar kullum. Na ja masa kunne ya sa abin da na faɗa kawai, domin a maganar da zan gaya maka ni da shi ba mu sha ga juna ba.

Ka tuna Haɗaka, wadda garuruwanmu biyar suka ƙulla tun kana nan: mudu ɗaya, motar kaya ɗaya, kuma mai rumfa a kasuwar wani gari ya kafa a ta sauran ba mai tambayarsa kuɗin ƙasa. To, mutanenmu suna so su fita. Kada ka yi salati tukuna, ni ma ina cikinsu.

Bara motar Haɗaka, wadda Chukwuma yake ja, daga Gwanki ta fara ɗaukar auduga, mu ta zo mana a ƙarshe. Kafin nan kaji da awaki sun gama wasa a kanta, da aka kai Funtuwa aka ce lamba biyu ce. Takin zamani kuwa ya iso bayan masara ta fid da kai. Bana ma an ce mu ne ƙarshe. In aka je taro a Gwanki su ke da yawan jama'a, kafin wakilinmu ya gama gyara murya an shafa fatiha. Bature, ɗan ƙanena Mudi, shi ne a gaban masu son fita. Ya ce mu nemi motarmu, mu ƙera mudunmu, mu naɗa sarkin kasuwarmu.

Lawal ya ce ba direban da zai bar kwalta saboda kayan gari ɗaya. Ni ba na ɗaukar maganar mota daga bakin tela, sai na tare Chukwuma ranar kasuwa na tambaye shi. Ya yi dariya, ya ce zai zo mana, amma sai ya sallami masu kaya da yawa. Ashe ko mun fita mu ne dai ƙarshe. Na ce masa gara in zama na ƙarshe bakina a buɗe. Ya ce, wai Baba, auduga ba ta san an buɗe baki ba. Har yanzu ina juya maganar nan.

Kai ka ga kasuwanni tun daga Ikko har Gusau. Ka taɓa ganin garin da ya janye daga 'yan'uwansa? Me ya same su, ƙiba ko rama? Ka ba ni labari, ba don in sake ra'ayi ba, don dai in sani.

Ka gaida duk wanda ya tambaye ni. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka har kullum,
Ummaru na ƙofar gabas.

Tudun Marke,
Watan Safar.

Zuwa ga aminina Alhaji Ganiyu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da Morenike, kuma sanyin bana bai taɓa ƙafar ba. Takardarka ta iso, Lawal ya karanta mini sau biyu, don na zarge shi da ƙari. Na tambaye ka labarin kasuwanni, kai kuma ba abin da ka yi ta maimaitawa sai Risikat, Risikat. Ban manta ba, Alhaji. Ranar da za ka hau mota ka kama hannunta ka sa a nawa. Ba sai an tuna mini ba.

Tun da ba ka ba ni amsa ba, na ɗaura wa jaki akumari na tafi wani gari a hanyar Kafur wanda bai taɓa shiga Haɗaka ba, in gani da idona. Abin da na fara lura, mudun masu saye ya fi namu ciki. Kowane ɗan kasuwa da nasa yake zuwa, an bubbuge gindinsa ya yi zurfi, mai dawa kuwa ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Wannan bai yi mini daɗi ba. Amma na zauna a taronsu na gindin tsamiya, na ga wani mai gyartai ya tsai da maigari a kan maganar rijiya, kuma aka bi tasa. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Na dawo da abu biyu a ciki, ba wanda ya kori ɗan'uwansa.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da Lawal ya bar ɗinkinsa. Maigari ya ce ba za a yanke maganar nan da hayaniya ba. Za a ajiye tulu biyu a zaurensa, ɗaya da jan ƙyalle a wuya na fita, ɗaya ba komai na zama. Duk mai rumbu ko mai rumfa a ba shi ƙwayar masara, ya shiga shi kaɗai ya jefa, irin yadda aka yi a zaɓen gwamnati na bana. Sai Bature ya miƙe ya ce baƙi ba za su yanke wa gari hukunci ba. Ya ce a koma ga dokar kakanni: ba mai jefawa sai wanda aka binne cibiyarsa a Tudun Marke. Ya kuma ce in an fita, rumfunan kasuwa na 'yan gari ne kaɗai. Bai ambaci suna ba, amma rumfar manja yake kallo.

Abin haushi, a bakina ya ji dokar. Ni nake ba su labarin shekarar fara, lokacin da iyayenmu suka yi gardamar tashi daga gindin dutse zuwa tudun nan, aka raba gardamar da wannan doka. Da Bature ya kawo ta, jama'a suka amince. Aka ce to wa ya san inda aka haifi kowa? Duk aka juyo gare ni, tunda uwata ungozoma ce, marigayiya Kulu matata ma ita ta gaje ta. Ba jaririn da ya yi kuka a garin nan ban ji labarinsa tare da tuwon safe ba.

Bature ya biyo ni gida yana Baba kaza, Baba kaza, wai ya san ni nasu ne. Shi a zatonsa Morenike gida ta tafi ta haifi Risikat. Risikat kuwa ta kawo mini manja ranar Laraba, ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta tambaye ni kome ba, amma na ga ta fara ɗaure gwangwanayenta da igiya irin na mai shirin ƙaura. Na ce ta kwance su. Ta ce to, Baba. Ba ta kwance ba.

Juma'a mai zuwa za a jefa ƙwayar. Ka sa mu a addu'a.

Amininka,
Ummaru.

Tudun Marke,
Ƙarshen Safar.

Zuwa ga Alhaji Ganiyu, tare da gaisuwa irin ta da.

Assalamu alaikum. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya. Ka ce wa Morenike ta matso kusa, da ita a labarin.

An sauko daga masallaci aka taru a ƙofar maigari. Aka sa mini tabarma a tsakiya, aka ce in bi gari gida gida, wanda na ce nan aka haife shi a ba shi ƙwaya. Kafin in fara Bature ya ce a fara cire baƙi, don kada a ɓata lokaci. Na ce to. Na faɗa musu yadda Morenike ta yi shirin tafiya Offa da tsohon ciki, rafi ya kawo ya cinye hanyar Malumfashi, mota ta daina shigowa. Na faɗi yadda Kulu ta karɓi haihuwar a ɗakinku na bayan kasuwa, ta binne cibiyar a gindin zogalen da har yau matan unguwar suke tsinka. Tsohuwa Hajo, wadda ta dafa ruwan wankan, ta ɗaga murya daga cikin mata ta ce haka aka yi, ita ma shaida ce. Maigari ya kira Risikat ya sa mata ƙwaya a hannu. Bature ya ce, haba Baba. Na ce kai ka kawo doka, ita kuwa ba ta duban fuska.

Daga nan na fara daga ƙofar gabas, gidan farko kuwa na Bature ne. Na buɗe baki zan ce nan, sai maganar ta tsaya. Alhaji, ka san al'adarmu: mace a cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki, can take haihuwa, can take wankan jego. Kowa ya san wannan kamar sunansa, amma wallahi ba wanda ya tuna, har ni. Bature ɗan fari ne. Uwarsa kuwa 'yar Gwanki ce. Na ce Bature, Gwanki, bayan rumbun kakanka na wajen uwa.

Ka so ka ji dariya. Lawal sai da ya riƙe ciki. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don da na ci gaba, gida bayan gida, sai ga shi yawancin masu gidajen 'yan fari ne. Wannan Gwanki, wancan Gwanki, wani can wajen Musawa. Masu son fita da masu son zama duk abin ya shafa. Aka jera su a kan gungumen da ke gefe, manya manyan mutane da rawunansu, ƙannensu na karɓar ƙwaya suna murmushi. Ni ban taɓa lura da yawan cibiyoyinmu da ke kwance a ƙasar mutanen da muke so mu rabu da su ba. Har na so in tsaya in yi ta tunanin abin, aka ce in yi sauri.

Da na zo kan gidana na yi niyyar wucewa, tunda kowa ya san ni. Sai Bature ya ce daga kan gungume, wai Baba, kai fa? Ni ne babba a ɗakinmu, uwata kuwa ka san daga inda aka auro ta. Na ce Gwanki. A nan ne na gane abin da ya sa ba a ba ni ƙwaya ba a shekarar fara, alhali ina da rumbuna. Duk shekarun nan ina cewa ƙuruciya ce ta hana.

Maigari ya ce abin ya zama wasa, a bar maganar cibiya kowa ya jefa. Bature ya fi kowa saurin yarda. Na ce sam. Na san in aka saki dokar yau, gobe wani zai tashi ya ce ba a tabbatar da kowa ba, a dawo kan rumfar manja. Na ce an amince da ita a gaban jama'a, da ita za a gama. Na naɗe tabarmata na tafi na zauna kusa da Bature. Ya matsa ya ba ni wuri, bai dube ni ba.

Ina zaune ina kallo 'yarka ta gyara ɗaurin kallabinta, ta shiga zauren ita kaɗai, ta fito hannu wofi. Da aka gama aka juye tulunan a faifai biyu. Tarin zama ya fi, amma ba da yawa ba. Ban ji daɗi ba, kada Lawal ya rubuta cewa na ji. Har gobe ina ganin an danne mu. Sai dai ko da jan ƙyalle ne ya ci, rumfar ba mai taɓa ta, don an faɗa a gaban kowa cewa Risikat 'yar gari ce. Ta kwance gwangwanayenta. Amanarka tana nan inda ka bar ta.

Mu kuwa 'yan gungume mun yi shawara. Tunda cibiyarmu tana Gwanki, to muna da baki a Gwanki. Taron Haɗaka mai zuwa za mu tafi gaba ɗaya, ni a gaba, mu zauna a sahun 'yan gari mu ce a riƙa juya motar, bana ta fara daga can, baɗi daga nan. Ina so in ga fuskar wanda zai ce mini baƙo, in nuna masa rumbun da aka binne tawa, in kuma gaya masa inda tasa take.

Abu ɗaya ya rage yana cina. Risikat ta sha yi mini ƙorafin sarkin kasuwar Gwanki, wai kullum a rana yake ba ta wuri. To wane tulu ta jefa? Jiya ta kawo mini alala da manja har yana tsiyaya, ba tare da na yi tari ba. Na lallaba na tambaye ta. Ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta sunkuyar da kai, ta ce in yi haƙuri, wai maganar 'yan gari ce, ba a faɗa wa baƙo.

Don Allah ka tambaye ta da Yarbanci, ka rubuto mini.

Ka gaida Morenike, ka ce mata zogalen yana nan ya yi ganye. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne amininka,
Ummaru na ƙofar gabas, wanda aka ce na Gwanki ne.